Kusheyin Duwatsu na Ƙasar Abzin da Matsalar Kare Su a Dokar Nijar

1.0 Gabatarwa

Matafiyin da ya bar garin Agadas ya nufi arewa, ko ya bi hanyar Arlit ko ya kutsa cikin duwatsu wajen Timiya da Iferwan, ba zai yi nisa ba sai ya fara ganin tsibi-tsibin duwatsu a kan tuddai da gefen ƙoramu. Wasu ƙanana ne, ba su wuce tsayin gwiwa ba, wasu kuwa sun fi mutum tsayi. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ruwa ne ya tara su, ko kuwa makiyaya ne suka yi alamar hanya. Alhali da yawa daga cikinsu kaburbura ne na mutanen da suka zauna a wannan ƙasa tun kafin zuwan Musulunci, har ma akwai waɗanda suka girmi manyan dalolin Masar.

A wannan takarda za a yi amfani da kalmar kushewa, jam'inta kusheyi, domin ambaton irin wannan kabari. Tsohuwar kalma ce ta Hausa, ita ce kuma take cikin sunan Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Katsina, inda aka binne manyan mutanen da a ƙarƙashin tulin ƙasa. Bambancin shi ne kusheyin Abzin da dutse aka tayar da su. Takardar za ta kawo tarihinsu a taƙaice, da ire-irensu, da abin da ya tsare su tsawon dubban shekaru, sannan ta dubi dokar da Jamhuriyar Nijar ta yi domin kare su. Abin da ake son ɗalibi ya lura da shi shi ne: waɗannan kaburbura ne da ba su da magada, saboda haka doka ce kaɗai za ta iya zame musu magajiya, ita kuwa doka ba ta iya tsare abin da ba a ƙidaya ba, ko abin da mutanen wurin ba su san an hana taɓawa ba.

2.0 Ƙasar Abzin da Mutanenta

Abzin, wadda wasu ke kira Azbin, Abzinawa kuma suke kira Ayar, ƙasa ce ta duwatsu a arewacin Nijar cikin jihar Agadas. Daga gabas hamadar Tenere ce ta yi mata iyaka, daga yamma kuma akwai filayen da suka miƙa zuwa Ingal da Tagidda. A cikinta ne dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar yake, a tsaunukan Bagzan, mai tsawon mita 2,022. Can arewa kuma akwai dutsen Girebun mai mita 1,944. Tsakanin duwatsun akwai kwaruruka da ruwa ke gudana a cikinsu na ɗan lokaci idan an yi ruwan sama, a nan ne ake da rijiyoyi da lambuna da wuraren kiwo.

Wannan ƙasa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Tarihin baka na Gobirawa yana cewa a Abzin suka zauna kafin su gangaro kudu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo wannan magana a littafinsa Infakul Maisuri. Ayarin raƙuma da ke ɗauko gishiri da dabino daga Bilma da Fashi yakan ratso ta Abzin ya sauka a kasuwannin ƙasar Hausa, kuma Hausa ce harshen kasuwa da na unguwa a garin Agadas. Sai dai kada ɗalibi ya yi saurin cewa kusheyin nan na Gobirawa ne ko na Abzinawa. Tsofaffin cikinsu an gina su ne dubban shekaru kafin a san waɗannan sunaye a duniya.

3.0 Zamanin da Sahara Take da Ruwa

Ba a iya fahimtar kusheyin Abzin sai an san cewa Sahara ba kullum take hamada ba. Daga kimanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, damina takan kai can arewa nesa da inda take tsayawa a yanzu. Inda rairayi yake a yau, a wancan zamani akwai tafkuna da ciyawa, da kifi da kada da dorina da raƙumin dawa. Tafkin Cadi kansa ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa. A wani wuri da ake kira Tagalagal, a kan tsaunukan Bagzan, masanin nan ɗan Faransa Jean-Pierre Roset ya samu fasassun tukwane da shekarunsu suka kai kimanin 10,000, suna cikin tukwane mafiya daɗewa da aka sani a Afirka.

Mutanen farko na wannan zamani masunta ne da mafarauta, kuma ba su tara duwatsu a kan mamatansu ba. Misalin da ya fi shahara shi ne maƙabartar Gobero a hamadar Tenere, wadda ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya ci karo da ita a shekarar 2000 wajen neman ƙasusuwan dabbobin da. An samu kaburbura wajen 200 a cikin tudun rairayi na bakin wani tsohon tafki. Al'umma biyu ne suka yi binne a wurin: ta farko tsakanin shekara ta 7700 da ta 6200 kafin Miladiyya, ta biyu kuma tsakanin 5200 da 2500 kafin Miladiyya. A nan ne aka tarar da wata mace da yara biyu an binne su suna rungume da juna.

Canji ya zo ne tare da kiwon shanu. A shekarar 1970 ayarin Desmond Clark ya tono ƙasusuwan saniyar gida kusan cikakku a Adrar Bus, wani dutse da ke gefen arewa maso gabashin Abzin. Daga baya aka gano cewa a wannan yanki akwai tsibin duwatsu da aka tara a kan ƙasusuwan shanu fiye da shekaru 6,000 da suka wuce. An samu irin wannan al'ada a tsaunin Masak na Libiya da kuma Nabta a kudancin Masar. Wato a wurare da dama na Sahara, saniya ce aka fara yi wa kushewar dutse kafin a yi wa mutum. Wasu masana, kamar Savino di Lernia na Italiya, suna ganin dalilin haka shi ne ƙarancin ruwa da ya fara matsa wa makiyaya. Da ya zama dole su riƙa yawo mai nisa, sai suka buƙaci wuraren da za su riƙa haɗuwa, su yi yanka, su bar alamar da za ta nuna cewa wannan makiyaya da wannan rijiya suna da masu su. Da tafiya ta yi tafiya, sai mutum ya maye gurbin saniya a ƙarƙashin duwatsun.

4.0 Ire-iren Kusheyin

Wanda ya fi kowa zurfafa bincike a kan kusheyin arewacin Nijar shi ne François Paris, wanda ya yi shekaru yana aiki a yankin, ya kuma wallafa babban littafi a kansu da Faransanci a 1996, tun daga zamanin kayan aikin dutse har zuwa karɓar Musulunci. Daga aikinsa da na abokan aikinsa ana iya rarrabe kusheyin kamar haka.

Na farko, kuma mafi yawa, shi ne tsibi kawai, wato an tara duwatsu sun yi tozo kamar an kife ƙwarya. Akwai kuma wanda samansa ya lotsa ya yi rami kamar bakin turmi. Akwai mai shimfiɗaɗɗen sama kamar dandamali, wanda aka kewaye gefensa da manyan duwatsu aka cika cikinsa da tsakuwa. Akwai mai siffar jinjirin wata, wanda tsakiyarsa ta yi kauri, gefe biyu kuma suka miƙe suna sirancewa kamar ƙahoni. Wani irin kuma tsibi ne da aka fitar masa da dogayen hannuwa biyu na jerin duwatsu. Akwai wanda aka gina da tsari, dutse a kan dutse, ya yi hawa-hawa kamar matakala, masana suna kiransa bazina. Akwai kuma mai kama da hular dara, wato gini kewayayye mai miƙaƙƙen bango.

Wanda ya fi ɗaukar ido shi ne mai kama da ramin makulli idan an hango shi daga sama. Tsibi ne a tsakiya, an kewaye shi da zobe ɗaya ko biyu na duwatsu, sannan an yi masa siririyar hanya wadda take fuskantar gabas. Irin wannan ya fi yawa a tsaunin Tasili na Aljeriya, amma akwai shi a can arewacin Nijar, inda Paris ya tona wasu a Emi Lulu, ya samu shekarunsu sun haura 5,000.

Akasarin waɗannan kusheyi mutum ɗaya ake samu a ciki, an kwantar da shi a gefe an naɗe masa ƙafafu kamar mai jin sanyi. Kayan da ake binne shi da su ba su da yawa: 'yan duwatsun wuya, ko munduwa, ko tukunya, wani lokaci ma babu komai. Da Musulunci ya kafu a yankin sai wannan tsari ya kau, aka koma miƙar da mamaci a kan gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, kabarin kuma ya zama ƙarami marar ado. Saboda haka kwanciyar mamaci kaɗai tana iya nuna wa mai bincike ko kafin Musulunci aka yi binnewar ko bayansa.

5.0 Abin da Kushewa Take Faɗa

Mutanen da suka gina tsofaffin kusheyin nan ba su bar littafi ba, ba su kuma bar maroƙin da zai wassafa asalinsu ba. Abin da za a sani game da su yana cikin ƙasa. Daga ƙashi ana gane ko namiji ne ko mace, da kimanin shekarunsa, da irin wahalar da jikinsa ya sha. Daga haƙori ana gane irin abincin da ya rayu a kai. Shekarun binnewa kuwa ana auna su da gwajin sinadarin kabon 14, wanda yake cikin jikin duk wani mai rai, yake kuma raguwa da rabi a duk shekara 5,730 bayan mutuwa. A Sahara wannan gwaji ya daɗe yana ba da wuya, domin zafi da fari sukan cinye ɓangaren ƙashin da aka saba aunawa. Jean-François Saliège, tare da Paris, su ne suka nuna cewa a busasshiyar ƙasa irin wannan ana iya auna ɓangaren ma'adinin ƙashin a samu sakamako abin dogaro, kuma da ƙasusuwan kusheyin Nijar suka gwada haka.

Misalin Iwelen, wani kwari da ke arewacin Abzin kusa da dutsen Girebun, ya isa ya nuna amfanin samun wuri yadda masu shi suka bar shi. A can Roset da Paris suka samu abu uku a waje ɗaya: kufan mazauni, da zane-zane a jikin duwatsu, da maƙabartar kusheyi. A zanen akwai mutane riƙe da masu, da raƙuman dawa, da keken doki. A cikin kufan kuma aka tono kawunan masu na tagulla masu siffa irin ta waɗanda aka zana, gwaji ya nuna cewa mazaunin na cikin shekaru dubu na ƙarshe kafin Miladiyya ne. Da haka aka iya danganta zanen da mutanen da suka yi shi da zamaninsu. Da wani ya riga ya tsince kawunan masun ya sayar, da zanen ya zauna ba a san lokacinsa ba.

Wannan shi ne abin da mai tonon sata bai sani ba. Darajar kushewa tana cikin yadda abubuwa suke a jere: wane dutse ne a kan wane, ina kan mamaci ya fuskanta, me aka ajiye kusa da hannunsa. Mai bincike ma idan ya tona kushewa ya rushe ta ke nan, shi ya sa yake aunawa, ya zana, ya ɗauki hoto, ya rubuta komai kafin ya ɗaga dutse na gaba. Wanda ya tona ba tare da rubutu ba ya shafe labarin har abada, ribar da zai samu kuwa sau da yawa ba ta wuce 'yan duwatsun wuya ba.

6.0 Abin da Ya Tsare Su a Da

Kafin a yi wata doka, abu biyu ne suka tsare kusheyin Abzin. Na farko nisa da wuyar hanya. Na biyu kwarjinin da suke da shi a idon mutanen wurin. Da harshen Tamajak ana kiran irin wannan kabari edebni, jam'i idebnan, kuma Abzinawa sukan danganta su da wasu ƙattin mutanen da, kamar dai yadda Bahaushe yake ambaton Samudawa idan ya ga aikin da ya fi ƙarfin mutanen yanzu. Ana kuma ɗaukar su a matsayin mazaunin iskoki, don haka makiyayi ba ya son ya kwashi dutsensu. Matafiyin nan ɗan Faransa Henri Duveyrier, wanda ya zauna da Abzinawan arewa a ƙarni na 19, ya ba da labarin cewa mata sukan je su kwanta a kan irin waɗannan kaburbura domin su yi mafarkin halin da mazajensu matafiya suke ciki. Herodotus na Girka ya ambaci al'ada mai kama da wannan a wajen wasu mutanen Libiya fiye da shekaru 2,400 da suka wuce.

Irin wannan tsaro yana da iyaka. Kabarin Musulmi yana da addini da dangi da suke tsaye a kansa, wanda ya taɓa shi zai gamu da jama'ar gari. Kushewar dutse kuwa tsoro ne kawai yake gadinta, ranar da baƙon da ba ya jin wannan tsoro ya zo, ba ta da mai magana a madadinta. An ga haka tun zamanin mulkin mallaka. A 1925 wani mai neman suna da ake kira Byron Khun de Prorok ya jagoranci fasa kabarin Abalesa a tsaunin Hoggar na Aljeriya, wanda Abzinawan can suke cewa na kakarsu Tin Hinan ne. An samu ƙasusuwa da mundayen zinariya da na azurfa, na wajen ƙarni na 4 na Miladiyya, waɗanda daga baya aka ajiye a gidan tarihi na Bardo a birnin Aljiyas. An yi aikin cikin gaggawa, labarin zinariyar kuma ya bazu, ya ƙarfafa zaton cewa akwai dukiya a ƙarƙashin kowane tsibi.

7.0 Barazanar Zamani

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tsagewa ta farko ita ce kasuwar kayan tarihi ta ƙasashen waje. Nijar ta ɗanɗana wannan a Bura, can kudu maso yamma a yankin kogin Kwara, inda aka gano wata maƙabarta mai tukwane da mutum-mutumin yumɓu a 1975, Boubé Gado na cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta Jami'ar Yamai ya tona ta a 1983. Bayan an nuna kayan a Turai, aka kuma karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, sai masu tonon sata suka afka wa wuraren, 'yan kasuwa suna saye suna fitarwa. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura a cikin jan jerin kayan Afirka da ake gargaɗin kada a saya, tare da na Nok da Sakkwato da Katsina daga Nijeriya.

Ta biyu ita ce rashin zaman lafiya. Tawayen da aka yi a arewacin Nijar daga 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, ya hana masu bincike da ma'aikatan gwamnati zuwa wurare da yawa na Abzin. Ta uku ita ce neman ma'adinai. A 2014 aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, dubban mutane suka bazu cikin hamada da motoci masu shiga rairayi da na'urorin gano ƙarfe. Ita wannan na'ura ba ta bambanta zinariyar cikin ƙasa da munduwar tagullar da ke hannun mamaci, tsibin dutse kuma abu ne da ake hangowa daga nesa. Abin da ya faru a Sudan ya isa ishara: a 2020 masu neman zinariya suka shiga wani tsohon wuri da ake kira Jabal Maraga da manyan motocin haƙa, suka yi rami mai zurfin mita 17, suka shafe wurin. Bayan waɗannan akwai barazanar da ba ta da mugun nufi, wato mai aikin hanya ko mai gini da ya tarar da duwatsu an riga an tara masa su waje ɗaya.

8.0 Dokar Nijar

Nijar ba ta makara ba wajen sa hannu a yarjejeniyoyin duniya. A 1972 ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 wadda ta hana fataucin kayan tarihi ta ɓarauniyar hanya, a 1974 kuma ta karɓi yarjejeniyar 1972 ta kare wuraren gadon duniya. Amma cikakkiyar dokar cikin gida ba ta samu ba sai bayan ɓarnar Bura. Ita ce doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997, wadda ta shafi karewa da adanawa da raya kayan gadon al'adu na ƙasa. A ranar 10 ga Nuwamba na wannan shekara aka fitar da umarni mai lamba 97-407 wanda ya bayyana yadda za a aiwatar da ita.

Ginshiƙan dokar da suka shafi kusheyi su ne waɗannan. Ba wanda zai yi tonon binciken tarihi sai da izinin gwamnati. Wanda ya ci karo da kayan tarihi ba da niyya ba, wajen gini ko noma ko haƙar rijiya, wajibi ne ya sanar da hukuma. Ba a fitar da kayan tarihi daga ƙasa sai da takardar izini. Gwamnati tana da ikon rubuta wuri a cikin jerin kayan gado, ta kuma ɗaga shi zuwa matsayin wurin da aka keɓe, wanda ba a rushewa ko a sauya shi sai da yardarta. Wanda ya karya waɗannan yana fuskantar tara ko ɗauri. Wannan ya yi kama da abin da Nijeriya ta tanada a dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa.

Akwai kuma gandun Abzin da Tenere, wanda aka kafa a 1988, mai faɗin hekta miliyan 7.7. UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1991, shekara guda bayan haka kuma ta mayar da shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari saboda tawaye, inda ya shafe fiye da shekaru 30. Sai dai a lura: an karɓi gandun ne saboda kyan ƙasarsa da namun dajinsa irin su barewa da ragon dutse. Kusheyin da suka faɗo cikinsa sun sami inuwa ne ta dalilin maƙwabtaka, waɗanda suke yammacin Abzin da filayen Ingal kuwa suna wajen iyakarsa.

9.0 Inda Gizo Yake Saƙar

Matsala ta farko ita ce ƙidaya. Doka irin wannan da jeri take aiki: alƙali yana buƙatar takardar da ta nuna cewa a wuri kaza akwai kushewa kaza, ga siffarta kafin a taɓa ta. Dokar farko da Birtaniya ta yi a kan irin waɗannan wurare a 1882 ta zo ne da jerin wurare 68, akasarinsu na mutanen da, aka kuma naɗa Janar Pitt Rivers ya zama mai duba su. Jerin ƙarami ne, amma a kansa aka yi ta ƙari. Nijar ma tana da abin koyi daga tarihinta. Daga 1977 zuwa 1981, da aka yi shirin haƙar yuraniyom a yankin Ingal da Tagidda, masana na Nijar da na Faransa sun bi ƙasar sun rubuta kufai da maƙeru da kusheyi kafin aikin ya fara. An fara wannan shekaru 20 kafin dokar 1997. A yau hotunan tauraron ɗan Adam sun sauƙaƙa aikin, domin manyan kusheyi suna fitowa sarai a ƙasar da ba ta da itatuwa.

Matsala ta biyu ita ce faɗin ƙasa. Jihar Agadas ta fi rabin Nijar girma, ba kuma adadin jami'an da zai iya gadin kowane kwari. Ko abu mai tsada yana iya ficewa. A watan Nuwamba na 2023 aka tsinci wani dutse da ya faɗo daga duniyar Mars a jihar Agadas, mai nauyin fiye da kilo 24, sai ga shi a watan Yuli na 2025 an yi gwanjonsa a New York a kan dala miliyan 5.3, abin da ya sa gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya bar ƙasar. Idan dutse mai wannan nauyi ya fita, 'yan duwatsun wuya da ke shiga aljihu ba za su gagara ba.

Maganin da aka gwada ya yi aiki shi ne sa mutanen wurin a gaba. A Dabus, arewa da Agadas, akwai zanen raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya haura mita 5. Da aka ga baƙi sun fara lalata shi, sai aka ɗauki masu gadi daga cikin Abzinawan yankin, aka kuma haƙa rijiya domin su iya zama kusa da wurin. Makiyayin da yake ratsa kwari kowace shekara ya fi kowane jami'i sanin tsibin da aka taɓa.

Matsala ta uku ta shafi ɗalibin harshe kai tsaye. Da Faransanci aka rubuta dokar 1997, mai haƙar zinariya da direban mota da makiyayi kuwa Hausa da Tamajak da Tubanci suke ji. A 2025 kundin da gwamnatin Nijar ta fitar ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Ke nan akwai aiki a gaban masu nazarin Hausa: fassara dokar cikin harshe mai sauƙi, daidaita kalmomin da za a kira ire-iren kusheyin da su, da shirya bayanin da za a karanta a gidajen rediyo da wuraren haƙar zinariya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

10.0 Kammalawa

An ga cewa kusheyin duwatsu na Abzin sun samo asali ne daga makiyayan da suka rayu lokacin da Sahara take bushewa, an kuma ci gaba da gina su ta siffofi daban-daban har zuwa karɓar Musulunci. Nisa da kwarjini sun tsare su tsawon zamani, amma mota da na'urar gano ƙarfe da kasuwar waje sun rage ƙarfin wannan tsaro. Dokar 1997 ta tanadi abin da ake buƙata a rubuce: izini kafin tono, sanarwa bayan tsintuwa, takarda kafin fitarwa, da hukunci ga mai saɓawa. Abin da zai ba ta ƙarfi shi ne cikakken jerin kusheyin, da masu gadi daga cikin mutanen da suke zaune kusa da su, da bayani cikin harsunan da jama'a suke ji. Masallacin Agadas, wanda tsohon garin da yake ciki ya shiga jerin gadon duniya a 2013, yana da jama'ar da suke yi masa yaɓe idan ruwa ya zaizaye shi. Kushewar da aka rushe kuwa ba a iya mayar da ita, domin waɗanda suka san yadda aka jera duwatsunta su ne suke kwance a ƙarƙashinsu.